Mahadiyya, Garin da Halifa Ya Gina Don Bai Yarda da Kowa Ba

Daga Susa zuwa Mahadiyya akwai jirgin ƙasa mai aiki da lantarki da ke bin gaɓar teku, ya ratsa ta Munastir, yana tsayawa a kusan duk garin da ya tarar. Ba ya sauri, amma kuɗinsa kaɗan ne, kuma ta tagarsa mutum yake ganin abin da mutanen gabashin Tunisiya suka dogara da shi: fadamun gishiri da zarar an bar Susa, sai gonakin zaitun layi-layi har inda ido ya ƙure, sai garuruwan masaƙa da maginan tukwane irin su Kasar Hilal da Muknin. Ɗan ƙanwata da ke karatu a Susa ne ya yi mini jagora. Shi a son ransa Hammamat za mu tafi, inda abokansa ke zuwa shan iska. Na ce masa ba ruwa da yashi ne suka fito da ni daga gida ba.

"To ai Kawu, Mahadiyyar ma ruwa ne da kaburbura," in ji shi.

Bai yi ƙarya ba, sai dai ya rage da yawa.

Tsohon garin yana kan wani zirin dutse ne da ya kutsa cikin Bahar Rum, tsawonsa wajen mita 1,400, faɗinsa bai kai mita 500 ba. Teku ta kewaye shi ta gefe uku. Inda ya haɗu da tudu kuwa ɗan wuya ne siriri da bai kai mita 200 ba. Duk wanda ya toshe wannan wuya da ganuwa, kuma yana da jiragen ruwa a hannunsa, to sai dai a zauna a waje ana hangensa. Lissafin da Abdullahi al-Mahadi ya yi ke nan.

Shi ne halifa na farko a daular Faɗimiyawa, 'yan Shi'a Isma'iliyya, waɗanda suka kifar da gidan Aglabiyawa masu mulkin ƙasar a 909. Da farko ya zauna a Raƙƙada, dab da Ƙairawan, amma zaman bai yi masa daɗi ba. Ƙairawan cibiyar malaman Malikiyya ce, ba su karɓi da'awarsa ba, ba su kuma ɓoye masa ba. Dakarunsa Barbarawan Kutama ne, su ma bai saki jiki da su ba, balle bayan da ya sa aka kashe Abu Abdullahi a 911, mutumin da ya tara masa su, ya je har Sijilmasa, a Maroko ta yanzu, ya fito da shi daga inda aka tsare shi. Wanda ya yi wa mai gidan rana irin wannan sakayya dole ya nemi inda zai iya runtsawa. Aka fara gini a 916, ya tare a 921, ya laƙa wa garin sunansa.

Ƙofa ɗaya tak ya yi wa garin ta ɓangaren tudu, kuma har yau ta nan baƙo ke shiga. Sunanta Sakifa al-Kahla. Wanda ya san zauren gidan sarauta a ƙasar Hausa zai gane tsarin nan take, sai dai wannan zaure ya haura mita 30 a zurfi, duk dutse ne, rufinsa baka-baka, ga duhu ga sanyi ko da rana tsaka. A da ƙyauren ƙarfe ne a jere a ciki, wanda ya karya na farko sai ya tarar da wani a gabansa, masu gadi kuma suna samansa. Ganuwar da ke riƙe da ƙofar kaurinta ya kai wajen mita 10. Ginin da muke gani yanzu ba na al-Mahadi ba ne kacokan, an sake tayar da shi a ƙarni na 16 da duwatsun na farko, amma a gurbinsa yake.

Ranar Juma'a muka zo, ranar kasuwar garin, don haka zauren da aka gina don tare abokan gaba cike yake da tsofaffin mata sun baje kayan amare. Riguna ne masu aikin zaren zinariya, nauyinsu kawai ya isa ya gajiyar da amarya, ga mayafai na alharini masu ratsin ja da baƙi, ga 'yan kunne da sarƙoƙi, ga kwalaben turare. Wata gyatuma ta kamo hannun rigata tana duba aikin wuyan, ta juya shi ta ga bayansa, ta gyaɗa kai. Ba ta ce in sayi komai ba. Ta tambayi ɗan ƙanwata daga ina muke, da ya faɗa mata sai ta ce Allah Ya kai mu gida lafiya, ta koma kan cinikinta.

Akwai labarin da marubutan tarihi na Larabawa suka kawo game da wannan ƙofa, wanda ya fi duk wani bayani nuna halin mai garin. Talakawa da 'yan kasuwa ba a cikin ganuwa ya zaunar da su ba. Unguwa ya gina musu a waje mai suna Zawila, amma shagunansu da dukiyarsu suna ciki. Da safe su shigo su bar iyalinsu a waje, da dare su fita su bar dukiyarsu a ciki. Ko da wane lokaci suka yi tunanin tawaye, akwai abinsu guda a hannunsa. Na sha jin dabarun mulki, amma wannan ta mai da garkuwa da mutane tsarin gari.

A gefen ƙofar akwai gidan kayan tarihi, ta cikinsa ake hawa saman Sakifa. Ba shi da girma. Akwai hotunan da Rumawa suke harhaɗawa da ƙananan duwatsu masu launi a daɓen gidajensu, waɗanda aka kwaso daga Aljam, akwai tuluna da fitilun yumɓu na zamanin Kartaj, daular da ta yi mulki a nan kafin Rumawa, akwai tsabar zinariya. Gaban tsabar nan na fi daɗewa, don dinarin da Faɗimiyawa suka yi ta bugawa, wanda ya yi suna wajen tsabta, galibi da zinariyar da raƙuma ke ketowa da ita Sahara ne daga ƙasashen Baƙar Fata da ke yamma da mu. Da irin wannan dukiya aka shirya rundunar da Jauhar ya ci Masar da ita a 969, ya kafa Alkahira, ya aza harsashin Azhar. Ɗaliban da ke tururuwa zuwa Azhar a yau, kaɗan ne suka san cewa gidan da ya gina ta daga wannan ɗan zirin dutse ya yi ƙarfi.

Daga saman ƙofar ana ganin komai: tsohon gari fari fat ya miƙe cikin ruwa, sabuwar tashar masunta a dama, sabon gari a baya. A filin da sabon garin yake yanzu ne aka gwada ko lissafin al-Mahadi ya yi daidai, shekara goma sha ɗaya bayan mutuwarsa. Wanda ya gwada shi kuwa wani dattijo ne malamin makarantar yara, Abu Yazid, ɗan Ibadiyya, mai sa rigar ulu yana hawan jaki, har aka fi saninsa da Mai Jaki. Mahaifinsa falke ne Babarbare mai keta Sahara, mahaifiyarsa baiwa ce, kuma marubuta da dama sun ce a Gawo aka haife shi, a bakin kogin Neja. Ya tayar da kayar baya, ya ci Ƙairawan a 944, har malaman Malikiyya suka mara masa baya duk da saɓanin aƙida, saboda tsananin ƙin da suke wa Faɗimiyawa. A 945 ya iso nan ya yi wa garin ƙawanya wata da watanni. Daular da ta mallaki ƙasa daga nan har Sisili ta koma ba ta da komai sai abin da ke bayan wannan ganuwa. Amma bai shiga ba. Mayaƙansa suka gaji suka watse, halifa al-Mansur, jikan al-Mahadi, ya bi shi har duwatsun Aljeriya ta yanzu, aka kama shi da rauni, ya mutu a 947.

Abin dariyar shi ne, da hankali ya kwanta sai al-Mansur ya bar Mahadiyya, ya gina sabuwar fada kusa da Ƙairawan. Garin ya yi aikin da aka gina shi domin sa, daga nan kuma babu mai son zama a kurkukun da ya gina wa kansa.

Cikin gari lungu-lungu ne, bango fari, ƙyaure kore ko shuɗi da ƙusoshin ƙarfe. Kafin ka ga masaƙa za ka ji su, ƙarar katako da ƙoshiya na fitowa daga ɗakuna masu duhu. Maza ne ke saƙar alharini a nan, yawancinsu sun manyanta, ƙafa na taka itace hannu na jefa ƙoshiya, ido kuma na kan mai wucewa. Muka zauna a Dandalin Alkahira, wani ɗan fili mai inuwar bishiyoyi a gaban masallacin Mustafa Hamza, muka sha shayi da na'a-na'a. Sukari ya yi yawa, amma ban ga wanda ya yi ƙorafi ba.

Babban masallaci yana gefen kudu, a bakin ruwa, kan filin da aka cike teku aka samar. Mai zuwa daga nesa zai ɗauka kagara ce, don ba shi da hasumiya. Dogayen gine-gine biyu da ke kusurwoyin gabansa, waɗanda na zaci gindin hasumiya ne, tankunan tara ruwan sama ne. A garin da ke tsammanin ƙawanya kullum, ruwan sha ya fi hasumiya. Ƙofar shigarsa ta turo gaba daga jikin bango, doguwa mai baka, tana kama da ƙofofin nasara da Rumawa suka bari a ƙasar. Masana gine-gine suna cewa ita ce irinta ta farko da aka sani a jikin masallaci, kuma daga nan salon ya bi Faɗimiyawa zuwa Masar.

Sai dai a faɗi gaskiya, wannan ƙofa da barandar da ke bayanta su ne kawai suka rage daga ginin 916. Sauran duk an sake shi ne tsakanin 1961 da 1965, ƙarƙashin wani masanin gini Bafaranshe, Alexandre Lézine, wanda ya rushe ƙare-ƙaren da aka yi daga baya ya mayar da masallacin kan tsarinsa na asali. Aikin ya yi kyau, babu ado babu ƙyale-ƙyale, dutse ne da haske. Amma akwai abin da ke damuna da irin wannan gyara: an share shekara ɗaruruwa na hannun mutanen gari don a dawo da shekarun sarki guda. A nan muka yi Juma'a. Liman ya yi karatu da ruwayar Ƙaluna, wadda ita ce ta Tunisiya, kusa take da Warshun da muka tashi da ita a makarantar allo amma kunne yana jin bambancin. Masallacin da aka gina don a yi wa halifan Isma'iliyya huɗuba, yau sahunsa Malikawa ne daga farko har ƙarshe.

Wannan ya kawo ni kan mutumin da ya sa na nace sai na zo. Duk wanda ya zauna gaban malami ya buɗe Muhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya, ya ji sunan Maziri, don yana cikin malamai huɗu da Shehu Halilu ya ambata tun a gabatarwa cewa zai riƙa nuni da ra'ayinsu, tare da Lahami da Ibn Yunus da Ibn Rushd. To Imam al-Maziri a wannan gari ya yi zamansa, a nan ya karantar, a nan ya rasu a 1141, shekara ta 536 bayan Hijira. Asalin danginsa daga Mazara ne a tsibirin Sisili. Ya yi sharhi a kan Sahihu Muslim, kuma ana zuwa wurinsa neman magani kamar yadda ake zuwa neman fatawa. A zamaninsa Sisili ta riga ta faɗa hannun Normawa Kiristoci, aka tambaye shi matsayin hukuncin alƙalan Musulmi da sarkin Kirista ya naɗa a can. Bai yi watsi da su ba, ya nema musu uzuri, ya ce jama'a ba ta zama babu mai raba mata gardama. Mutumin da ke zaune a bakin wannan teku, yana ganin jiragen da ke kai da komo tsakanin gaɓoɓin biyu, ba zai yi fatawa kamar wanda bai taɓa ganin baƙo ba. Shekara bakwai bayan rasuwarsa, a 1148, Normawan suka ci Mahadiyya kanta.

Jerin waɗanda suka kai wa garin hari yana da tsawo, ba zan tsaya a kan kowanne ba. Jiragen Pisa da Jenowa sun wawashe shi a 1087. Abdulmumini, sarkin daular Muwahhidai ta Maroko, ya ƙwace shi daga Normawa a 1160. Faransawa da mutanen Jenowa sun kewaye shi a 1390 suka koma hannu rabbana. Wanda ya bar tabon da ake gani har yau shi ne na Sifaniyawa. Sun karɓe garin a 1550 daga hannun Dargut, shahararren mayaƙin teku na Turkawa, suka ga riƙe shi ya fi ƙarfin aljihunsu, kuma ba sa son ya koma hannun abokan gaba da ƙarfinsa. Sai suka binne albarushi a gindin ganuwar suka tarwatsa ta a 1554, suka tafi. Shi ya sa in kana bin gefen ruwa za ka ga manyan ɓaraguzan bango a kwance cikin teku, igiyar ruwa na dukansu, yara na hawa suna tsunduma.

Kagarar da ke kan tudun tsakiya, Burj al-Kabir, Turkawa ne suka gina ta a ƙarshen ƙarni na 16, a wajajen da fadar halifofi take. Ciki babu wani abin kirki, ɗakuna ne wayam. Don samanta ake biyan kuɗin shiga, kuma ta cancanta.

Daga can sama ne na fara ganin maƙabartar. Ta mamaye ƙarshen zirin gaba ɗaya, fararen kaburbura dubbai sun gangara daga gindin kagara har bakin ruwa, babu katanga babu shinge, ciyawa da furanni a tsakaninsu. Hanya ta ratsa ta ciki zuwa fitilar jiragen ruwa mai jan kai da ke can ƙarshe. Mutane na wucewa, wasu sun zo ziyara da jarkar ruwa, wasu da sandar fatsa a kafaɗa. A jikin duwatsun bakin ruwa akwai ramukan da aka sassaƙa, kaburburan mutanen zamanin Kartaj, tun kafin Annabi Isa. Wato tun kafin wani halifa ya yi tunanin ganuwa, mutanen wannan wuri a nan suke kai matattunsu.

A tsakiyar maƙabartar tsohuwar tashar jiragen ruwa take, kuma a ganina ita ce abin da ya fi komai daraja a Mahadiyya, ita da babu mai karɓar kuɗi a bakinta. Ba ginawa aka yi ba, sassaƙa ta aka yi cikin dutse, kusurwa huɗu, tsawonta ya ɗan haura mita 120, faɗinta bai kai 60 ba, da 'yar siririyar mashiga ta ɓangaren teku. Al-Bakari, masanin ƙasa na Andalus a ƙarni na 11, ya ce tana ɗaukar jirage 30, kuma akwai hasumiya biyu a bakinta da sarƙar ƙarfe a tsakani, ana sassauta ta in jirgin gida zai shiga, a ja ta a bayansa. Masana suna da saɓani kan ko Faɗimiyawa ne suka fara haƙa ta ko sun tarar da aikin mutanen Kartaj suka gyara. Ko ma wane ne, albarushin Sifaniyawa ya ci hasumiyoyin, ya kasa cin ramin. Da muka sauka, ƙananan kwalekwale masu fentin shuɗi da ja ne a ciki, wani dattijo na zaune a kan dutse yana ɗinke tarunsa. Na yi masa sallama, ya amsa ba tare da ya ɗaga kai ba. Ɗan ƙanwata ya tambaye shi ko ana samun kifi, ya ce alhamdu lillahi, amma ba kamar zamanin mahaifinsa ba.

A cikin ruwan da ke gaban nan, wajen kilomita 5 daga gaɓa, masu nutso 'yan Girka da ke neman soson teku suka ci karo da wani jirgi a 1907, a zurfin kusan mita 40. Ya nutse ne a ƙarni na farko kafin haihuwar Annabi Isa, ɗauke da ginshiƙan dutsen mabul fiye da 60 da gumakan tagulla da kayan ƙawar gida daga Girka, da alama wani attajirin Rum ne ya yi odarsu iska ta karkatar da jirgin. Kada wanda ya zo Mahadiyya ya sa ran ganinsu a nan. Suna gidan tarihi na Bardo a Tunis, ɗakuna guda aka ware musu.

Da yamma muka koma sabuwar tasha, inda ainihin rayuwar garin take. Mahadiyya tana cikin manyan tashoshin kamun kifi na Tunisiya, musamman sadin, har da masana'antun sa shi a gwangwani. Da magariba jirage ke fita, kowane babba yana jan ƙananan kwalekwale masu manyan fitilu. Hasken ne ke tara kifin, sai a zagaye shi da taru. Muka ci gasasshen kifi da burodi da harisa, barkonon da suke niƙawa da tafarnuwa da man zaitun, wanda na yarda ya isa a kira shi yaji.

Ɗan ƙanwata ya ja kunnena tun a jirgi cewa fasfo ya zauna a aljihuna, kada in bar shi a masauki. Dalili kuwa tsibirin Lampedusa na Italiya bai kai kilomita 150 daga nan ba, kuma ta wannan gaɓa, daga nan zuwa Safakis, matasan Afirka ta Yamma ke shiga kwalekwalen ƙarfe da dare. Baƙin mutum da ke yawo a bakin tasha, kallon farko da za a yi masa na mai shirin tsallakawa ne. Masuntan nan su ne suka fi kowa sanin ƙarshen wasu daga cikin tafiye-tafiyen, don a tarunsu gawa ke fitowa.

Kabarin Maziri ba a Mahadiyya yake ba. Da ya rasu a jirgin ruwa aka ɗauki gawarsa zuwa Munastir, inda mutanen wannan yanki suke son binne manyansu kusa da tsohon ribaɗi. Don haka a hanyar komawa muka sauka a can. Babbar maƙabartar garin sunansa take amsawa, Sidi al-Maziri, kuma a gefenta ne Habib Burgiba, shugaban Tunisiya na farko, ya gina wa kansa hubbare tun yana da rai, da ƙubba mai ruwan zinariya da hasumiya biyu da doguwar farfajiya. Motocin 'yan yawon buɗe ido duk can suke sauke mutane. Na Maziri ƙaramin gini ne mai farar ƙubba a cikin sauran kaburbura, sai da muka tambayi wani mai sayar da ruwa ya nuna mana. Muka yi masa addu'a, ɗan ƙanwata ya yi alkawarin zai nemi Muhtasar ya duba gabatarwar da kansa, muka yi sauri don kada jirgin Susa ya bar mu.